Jar Tawadar Malam Jaji

Duk wanda ya taɓa kai takarda a buga masa a layin shagunan da ke kan hanyar sakatariya a Dutse ya san Mu'minatu Jaji. In bai riƙe sunanta ba, ya riƙe tsakinta. Mace ce gajera mai tabarau, wadda in ka kawo wasiƙa da kuskure za ta gyara maka, sannan ta gaya maka a gaban mutane cewa ta gyara. Manyan ma'aikata sun sha fita daga shagon suna rantsuwar ba za su sake takowa ba. Washegari sai ka gan su a benci suna jiran layi, don duk layin babu mai hannunta.

A Aujara aka haife ta. Mahaifinta, Malam Jaji, malamin zaure ne, da damina yana noman gero, da rani yana karantar da manya. Yana da littattafai cike da akwati, amma ɗaya ne ba ya barin kowa ya ɗauka sai da saninsa. Littafin fiƙihu ne da kakansa ya kwafa da hannu da baƙar tawada, ganye arba'in da shida, ba a ɗinke ba, a tsakanin fatu biyu. Abin da ya sa ya fita daban shi ne gefen shafukan. Shekara arba'in Malam Jaji yana cika su da jar tawada, da ajami, yana fassara wa mutanen garinsa hukunci da abin da suka sani. In littafin ya yi maganar dabbar da ta yi ɓarna, a gefe za ka ga Malam ya rubuta, kamar akuyar Gwadabe da ta shiga waken maƙwabci. In maganar rijiya ce, rijiyar bayan masallaci ce. Kusan rabin Aujara na cikin gefen littafin nan, har da waɗanda ba za su so su san suna ciki ba.

Mu'minatu ce ke dama masa jar tawadar tun tana shekara bakwai, ita ke jiƙa ƙaro ta tace. Da haka ta koyi karanta hannunsa. Tun ba ta kai goma sha biyu ba tana karanta gefen nan ba gargada, abin da yayanta Sharhabilu bai taɓa iyawa ba sai ya tsaya ya yi kakari. Malam ya san da haka. Bai taɓa faɗa a gaban kowa ba, ita kuma ba ta taɓa yafe wa shirun nan ba.

Ta yi firamare, aka yi mata aure da Sadisu, direban wata ma'aikata a Kano, can kuma ta shiga makarantar koyon tafireta. Da aka yanko Jigawa, Sadisu na cikin waɗanda aka loda aka ce su tafi Dutse. Garin a lokacin bai shirya karɓar kowa ba. Ofis uku a ɗaki ɗaya, takardu a buhu. Mu'minatu ta ga kowa yana neman mai buga masa takarda, sai ta kafa tebur a ƙarƙashin wata rumfa da tafiretarta, ta shekara bakwai a nan. Daga baya Alhaji Ɗanmusa, wani ɗan kwangila da ke son a ce shi ya fara komai a gari, ya buɗe shago ya sa kwamfuta, ya ɗauke ta aiki.

Kwamfutar ta gwanjo ce. Ta riga ta gama rayuwarta a wata ƙasa kafin a kawo ta Dutse ta yi ritaya. In ka kunna ta sai ka je ka yi alwala ka dawo tana nan tana gyaran murya. Mu'minatu ta sa mata suna Gwaggo, don ba a yi mata gaggawa, in kuma ka matsa mata sai ta yi fushi ta daskare. Duk da haka ta koye ta tsaf, har ta kai tana jin abin da ke damunta daga ƙarar da take yi.

A daminar shekarar da aka ƙaddamar da shari'a Malam Jaji ya rasu. Sharhabilu, wanda ya shekara goma sha biyar yana karantarwa a wani ƙauye a Sudan, bai iso ba sai bayan arba'in. Malaman gari suka zauna rabon gado, kowa ya sami abin da Allah Ya yanka masa, ba a zalunci kowa ba. Da aka zo kan littattafai aka ce a haɗa su a rabon Sharhabilu, tunda shi ke da almajirai. Mu'minatu tana bayan labule. Ta ji an ɗaga littafin mai fatu biyu an ɗora a kan sauran kamar kowane littafi.

Da baƙi suka watse ta same shi a zaure.

"Yaya, wannan ɗaya ka bar mini shi. Ka ɗauki rabona na gonar in kana so."

"Ki yi me da shi? Ki buga shi a tafireta?"

"In karanta. Na fi ka iya karanta shi, ka kuma sani."

Ba haka ake roƙo ba, ita ma ta sani, amma bakin ya riga ya fita. Sharhabilu ya miƙe kamar zai bar ta. Daga ƙarshe ya ce ayarin da zai bi zai tashi daga Maiduguri nan da kwana goma. Ta tafi da littafin ta kwafi abin da za ta iya, ta dawo masa da shi cikin kwana tara, ganye arba'in da shida cif.

Ta ɗauka aikin rabin yini ne. Ta sa shafin farko a injin hoton takarda, abin da ya fito ya sa ta yi tsakin da aka ji a shago na uku. Takardar ta tsufa ta yi ja-ja, injin kuma bai san launi ba. Baƙin rubutun kaka ya fito, amma jar tawadar Malam ta narke cikin duhun takardar, sai wani dabbare-dabbare kamar an goga gawayi. Ita kuwa ba rubutun kaka ta zo nema ba.

Saura sikana. Alhaji ya saye ta ne don burga, tana nan a lulluɓe da tawul, ba a taɓa amfani da ita ba sai sau biyu. Ita tana ɗaukar launi ta zuba a kwamfuta. Shafin farko ya ɗauki minti goma sha biyu, yana saukowa a gilashin Gwaggo layi-layi daga sama. Da jan ya bayyana, ga akuyar Gwadabe nan a hannun Malam, Mu'minatu ta cire tabarau ta goge. Tun ranar rasuwa ba ta yi kuka a gaban mutane ba, ranar ma ba ta yi ba, ta dai daɗe tana gogar tabarau.

Sai dai lokacin ba na zaman kallon littafi ba ne. Shari'a ta zo da takardu fiye da yadda kowa ya zata. Kowace unguwa ta kafa kwamiti, kowane kwamiti yana da sanarwa, da jerin sunaye, da wasiƙar godiya, da wata wasiƙar ta gyara sunan wanda aka manta a jerin. Tun safe benci a cike yake. Alhaji ya ce ta yi abinta daga bayan la'asar. Ba ta kuma da damar wuce magariba, don a watannin nan mace ita kaɗai a shago bayan duhu abin magana ce, kuma akwai masu yawo suna neman abin magana. Awa biyu da ɗan wani abu take da su kullum, in akwai wuta. Shafi casa'in da biyu.

Ta yi. Yadda ta yi kuwa, waɗanda suka shigo shagon a kwanakin nan su za su ba da labari. Wani sakataren kwamiti ya zo ƙarfe biyar da takarda a hannu ya ce aikin Allah ne, ta ce masa wannan ma ba na Shaiɗan ba ne, ya dawo gobe. Rumbun Gwaggo ya cika tun a shafi na sittin, ta bi ta share tsofaffin wasiƙu, ta share wasan kartar da Alhaji ke yi in ya ɗauka ba mai ganinsa. Ranar ta tara ta hau motar Jahun, ta sauka ta hau ta Aujara, ta ƙirga wa Sharhabilu ganyensa ɗaya bayan ɗaya a kan tabarma. Ya ce Allah Ya yi albarka. Ta ce amin ba tare da ta ɗago ba.

Ta dawo Dutse ta tarar da Alhaji a tsaye a bakin shago. Gwaggo ta ƙi ajiye ko wasiƙa ɗaya, ta ce ba wuri. Ya ba ta zuwa Juma'a ta kwashe kayanta, in ba haka ba zai kira a wanke rumbun gaba ɗaya.

A lokacin hanya ɗaya ce ta fitar da abu daga kwamfuta, ɗan faifan nan baƙi mai kusurwa huɗu da ake cewa fulofi, wanda bai kai tafin hannu ba. Wasiƙa ɗari za ta shiga cikinsa ta bar wuri. Mu'minatu ta zura ɗaya, ta ce wa Gwaggo ta zuba shafin farko. Gwaggo ta yi tunani, ta yi tunani, sannan ta ce fayil ɗin ya fi ƙarfin faifan. Shafi ɗaya tak. Takarda ɗaya da iska ke iya ɗauka, wai ta yi wa wannan abin nauyi. Mu'minatu ta tambayi gilashin, a fili, wane maras tunani ne ya ƙera ƙofar shiga kamar ta gareji, ya ƙera ta fita kamar ramin ɓera.

Ɗan'inna ne ya nuna mata mafita. Dattijo ne mai gyaran rediyo da ya koma gyaran kwamfuta da ya ga inda kasuwa ta nufa, yana zuwa daga Kano duk Talata. Ya ce akwai abin da ake cewa zif. Ana matse fayil ya ƙanƙance, kuma in ma bai shiga faifai ɗaya ba, ana iya ɗaure duka shafukan ɗauri ɗaya, injin ya riƙa yankawa yana zubawa, wannan ya cika ya ce a kawo wani.

"Amma ki ji ni da kyau, Hajiya," in ji shi. "In kin yi haka, ɗauri ɗaya ne. Ɗaya ya lalace, sauran ba su da amfani. Na ƙarshe kuma shi ne shugaba, a cikinsa injin ke rubuta inda kowane shafi ya fara da inda ya ƙare. Ranar buɗewa shi zai fara tambaya."

"In na matse kowane shafi daban fa?"

"Ya fi tsaro. Sai ki nemo faifai casa'in da biyu."

A duk Dutse ranar babu faifai casa'in da biyu na sayarwa. Waɗanda ke shaguna ta kwashe, Sadisu ya bi ofis-ofis yana roƙo mata tsofaffi, aka haɗa saba'in. Ɗauri ɗaya zai ci sittin da 'yan kai. Ba ta da zaɓi, kuma in za a faɗi gaskiya, zuciyarta ma ta fi kwanciya da hakan. Littafi ɗaya ne, me zai sa a watsa shi.

Ranar Laraba ta fara. Kowane faifai sai ya yi minti huɗu, biyar, yana ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, ita kuma tana zaune da na gaba a hannu, ta rubuta masa lamba. Ba a tashi, don in Gwaggo ta nemi faifai ba a ba ta da wuri ba tana iya daskarewa. A na ashirin da tara aka ɗauke wuta. Abin kuma ba ya ɗorawa daga inda ya tsaya, sai dai a koma na ɗaya. Ranar Alhamis ta roƙi Alhaji ya ba ta daga azahar. Ta kai na hamsin da ɗaya, sai wani tsohon faifai daga cikin na roƙo ya ƙi karɓa, Gwaggo ta ce an sami kuskure, ta rufe komai. Mu'minatu ta zaro faifan ta taka shi da dunduniya har ya fashe. Mai shagon kusa ya leƙo, ya ga fuskarta, ya koma.

Ranar Juma'a ba a buɗe shago sai bayan masallaci. Tun hantsi ta sa Sadisu ya aro janareton mai walda, aka kafa shi a bayan shago. Ta bi fayafayan ɗaya-ɗaya ta gwada, ta ware masu shakka. Maza suka wuce masallaci da dardumansu, suka dawo, tana nan a kujera, ƙafarta ta kumbura, hayaƙin janareto ya cika mata ido. Gab da la'asar Gwaggo ta karɓi na sittin da uku, ta yi shiru, ta ce an gama. Mu'minatu ba ta yarda da ita ba. Sai da ta lallaɓi Alhaji ya ƙara mata mako, ta sake zura su duka ta buɗe ɗaurin, ta ga shafi casa'in da biyu sun fito da jansu. Sannan ta bari aka share na rumbun.

Ɗakin hayarsu a Dutse yana yoyo, ga yara uku da ba abin da ke tsira a hannunsu. A Aujara kuma mahaifiyarta, Inna Fatsuma, tana takaba, kullum tana kallon gurbin da akwatin littattafai ya bari. Mu'minatu ta jera fayafayan bi da bi, na ɗaya a sama, na ƙarshe a ƙasa, ta sa a leda, ta kai mata.

"Inna, littafin Malam ne a ciki. Duka, da jan rubutunsa. Ki ajiye mini inda ruwa ba zai taɓa ba, kada kuma yara su gani."

Inna ba ta taɓa ganin kwamfuta ba, ba ta kuma tambayi ta yaya littafi ya shiga roba ba. Ta tashi ta yi alwala tukuna, sannan ta karɓa da hannu biyu. Mu'minatu ta ga haka ta ji daɗi, ta kama hanya don kada motar yamma ta wuce ta.

Shekara biyu da rabi suka wuce. Duk zuwan da ta yi gida sai ta tambaya, Inna ta ce suna nan lafiya, ita kuma ba ta taɓa cewa a nuna mata ba. Sai wani alhaji ɗan Miga da ya biyo ta Sudan ya kawo wasiƙa. Sharhabilu yana gaishe da kowa. Ruwa ya ci ƙauyensu a daminar bara, shi da iyalinsa sun tsira da kayan jikinsu, littattafai ko ɗaya bai fita ba. Mu'minatu ta karanta wa Inna wasiƙar har ƙarshe. Ba ta ce komai a kan yayanta ba, abin da ya ba kowa mamaki. Abin da ke ranta ɗaya ne, yanzu duk duniya hannun Malam bai rage ko'ina ba sai a cikin ledar nan.

A watan ne kuma Alhaji Ɗanmusa ya sayo sabuwar kwamfuta mai buga faifan sidi, wanda guda ɗaya zai haɗiye sittin da ukun nan ya nemi ƙari, da firinta mai launi. Mu'minatu ta ce wa Inna ta ba ta ajiyarta, za ta fito mata da shafukan a takarda, ta gan su da idonta.

Inna ta nuna saman kabad. "Ki taka turmi, ni gwiwa ta hana."

Ta taka. A saman kabad ɗin akwai tsohuwar lasifikar da Malam ke tafsiri da ita da azumi, an kife ta, faffaɗan bakinta a ƙasa, ƙeyarta ta ƙarfe a sama. A kan ƙeyar nan, a naɗe cikin farin rawanin Malam, ga ajiyar. Babu abin da ya fi ta tsawo a ɗakin. Mu'minatu ta tsaya a kan turmin ba ta motsa ba. A ƙeyar kowace lasifika akwai maganaɗisu, babba. A jikin kwalin kowane fulofi kuwa akwai ɗan zane, maganaɗisu an ja masa layi, alamar in ya kusance shi zai goge abin da ke ciki. Ta ga zanen nan ya fi sau dubu. Ta miƙa hannu ta ɗaga ƙunshin, wata allura da ke maƙale a ƙarfen ko gezau ba ta yi ba.

Ta sauko daga turmin. Ta hau mota da ƙunshin a cinya, tana gaya wa kanta rawanin yana da kauri, ninki nawa ne ma. A shago ta zura na ɗaya, sabuwar kwamfutar ta karanta nan take, ta ce a sa na ƙarshe. Na ƙarshe shi ne na ƙasa, wanda ya kwanta a kan ƙarfen shekara biyu da rabi. Ta zura. Injin ya yi ƙara sau uku, ya ce faifan nan ba a taɓa rubuta komai a kansa ba, ko tana so a shirya mata shi.

Ta gwada a Gwaggo, wadda aka tura lungu. Gwaggo ta ɗauki lokacinta ta faɗi abu ɗaya. Goma sha ɗaya na ƙasa duk haka. Sauran hamsin da biyun lafiyarsu ƙalau, cike suke taf, kuma ba wanda zai buɗu. Ɗan'inna ya tafi da su Kano ya yi mako biyu, ya kai wa waɗanda suka fi shi. Wataƙila a wata ƙasa akwai wanda ya san yadda ake ciro abu daga irin wannan ɗauri. Shi dai ya dawo da su ya ajiye mata a tebur, bai ko tuna mata cewa ya faɗa ba, wanda hakan ya fi ba ta haushi.

Kwana huɗu ba wanda ya iya yi mata magana a shago. Ta zagi wanda ya ƙera faifan da ba ya ɗaukar shafi ɗaya. Ta zagi wanda ya ga dama ya sa mabuɗin ɗauri duka a faifai guda. Ta zagi Alhaji da ya kasa haƙurin wuri, da Sharhabilu da ya kai littafin bakin kogi, da malaman da suka ɗora shi a kan rabonsa. Mutum ɗaya ce ba ta ambata ba, ranar Asabar kuma ta hau mota ta nufe ta.

Inna tana tsakar gida tana tsince wake. Ta ga ƙunshin, ta duba ɗaya hannun ko akwai takardu.

"Ina shafukan?"

"Babu shafuka, Inna. Sun lalace." Ta yi niyyar tsayawa a nan, amma abin ya ƙwace. "Duk faɗin ɗakin nan ba ki ga inda za ki ajiye ba sai kan lasifika? Ga akwati, ga ƙarƙashin gado, ga ƙwarya. Kwana tara na yi, da mako biyu a kansu, ƙafata har ta kumbura. Ƙarfen nan shi ya shanye su. Da a ƙasa kika jefar da su ma da yanzu suna nan."

Tunda aka haife ta ba ta taɓa ɗaga wa Inna murya ba. Matan gidan da ke bakin murhu suka sunkuyar da kai. Inna ta ajiye faifan waken a hankali.

"Ƙarƙashin gado," in ji ta. "Ki ce in sa littafin Malam, mai ayoyi a ciki, a ƙarƙashin inda nake kwanciya? Ko a akwati, zannuwana a kansa? Shekara hamsin ina gidan nan, ban taɓa ganin an ɗora wani abu a kan littafi ba. Kin ce kada ruwa ya taɓa, bai taɓa ba. Kin ce kada yara su gani, ba su gani ba. Duk wata sai na sa an sauko da shi na kakkaɓe rawanin na mayar. Me kuma kika ce da ban yi ba?"

Mu'minatu ta dubi ƙunshin. Ita ce ta ga Inna ta yi alwala kafin ta karɓa. Ita aka haifa a gidan nan, ta san inda ake ajiye abin da aka karɓa da alwala, ta san saman kabad, ta san abin da ke kai tun tana yarinya. Kalma ɗaya ce, da ta faɗe ta a bakin ƙofa kafin ta ruga neman mota. Duk zafin da ta ɗebo daga Dutse ya juyo kanta, ta zauna a bakin turmi, wannan karon ba ta tsaya gogar tabarau ba, ta yi kuka sosai a gaban kowa.

Inna ta bar ta har ta gaji. Sannan ta jawo ƙunshin, ta gyara naɗin rawanin inda ya warware.

"Ni dai ki gaya mini abu ɗaya. Rubutun nasa, yana ciki ko ba ya ciki?"

"Mafi yawansa yana ciki, Inna. Fitowa ce ba zai yi ba."

"To ki mayar mini da shi sama."

Mu'minatu ta ja turmin zuwa ɗaki, ta taka. Ta dubi lasifikar, ta dubi sauran saman kabad ɗin inda akwai wuri a gefe. Inna tana bakin ƙofa tana kallonta. Ta ɗora ƙunshin a kan ƙeyar ƙarfen, daidai inda ta ɗauke shi, ta sauko.

Ran Litinin ta buɗe shago ƙarfe takwas. Na farko a benci wani magatakarda ne da ya zo a zuba masa aikinsa a faifai ya kai gida. Ta zuba, ta riƙe faifan ba ta sake shi ba, ta tambaye shi wa zai ba ajiya, a wane ɗaki, a kan me. Ya yi dariya ya ce wannan kuma ai ba ruwanta. Ta ce to ya zauna, ba zai fita da shi ba sai ya faɗa.